Hoton da Ya Kori Gayya

Akwai wani manomi wanda gidansa yake hayin kogi, shi da matarsa Rifkatu da ƙaramar 'yarsu Tabita. Ba shi da maƙwabci sai wata tsohuwar ɗorawa a kan tudu da tsuntsayen da suke kwana a kanta. Garinsu da majami'arsu suna wancan ƙetare. Da rani kogin yashi ne zalla, ko akuya takan tsallaka shi ba ta jiƙa kofato ba. Amma in damina ta zauna sai ya cika ya batse, mutanen hayi su daɗe ba su taka gari ba. Sunan mutumin ba zai ƙara mana kome ba. Jama'a suna ce masa Baban Tabita, mu ma haka za mu ce masa in ta kama.

Mutanen wannan majami'a suna da wata al'ada da suka gada kaka da kakanni, wato gayya. In damina ta yi nisa, ciyawa ta fara fin ƙarfin masu rauni, sai maza su saɓa fartanya, mata su dama kunu, makaɗi ya rataya gangarsa, a tafi gonar wanda ya gaza a nome masa ita tas a yini guda. A wurinsu kuwa ba a roƙon gayya. Dattijo ne yake dubawa ya ce gonar wane za a fara, dattijon kuma a lokacin shi ne Baba Nomau. A zamanin ƙarfinsa da ƙafa yake zaga gonaki, sanda a hannu, ya leƙa wannan kunya ya leƙa waccan, ba mai iya ɓoye masa ciyawa. Amma gwiwa ta gaji, gonaki sun yi nisa, ga kuma waya ta shigo hannun kowa. Sai mazan majami'a suka buɗe wa kansu zaure a cikin waya, wanda suke kira guruf. Nan suke gaisawa, nan ake sanar da haihuwa da rasuwa. Kowa kuma akwai ɗan zagayayyen hotonsa a gefen sunansa. Da damina kowane mutum yakan sa hotonsa a tsaye cikin gonarsa, Baba Nomau ya maƙala tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Yakan ce yanzu ido ne yake zaga gonaki, ƙafa ta samu hutu.

A shekarar da muke magana ruwa ya sauka da wuri. Manomin nan ya yi shuka da kyau, dawarsa ta tsiro layi-layi gwanin sha'awa. Ana shirin noman fari sai zazzaɓi ya kwantar da shi, irin mai nacin nan da yakan tafi da safe ya dawo da la'asar kamar ya manta wani abu. Rifkatu ta yi jinya, ta yi girki, ta taɓa noma a bakin gona gwargwadon ƙarfinta, amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Labarin ciwon ya kai gari tun kogi bai cika ba, aka yi masa addu'a a majami'a. Bayan haka ruwa ya raba su, ba wanda ya ƙara ganinsa.

Ran da ya iya miƙewa, ya dogara sanda ya tafi gona. Abin da ya tarar ya sa jikinsa ya yi sanyi. Harƙiya da ƙiri-ƙiri sun haɗa kai sun rufe kunyoyi, dawa ta yi rawaya, ta sirance, tana leƙe daga cikin ciyawa. Kowane manomi ya san ma'anar haka: in ba a buɗe mata ba kafin ruwan tsakiyar damina ya zauna, ba za ta fid da kai ba, rumbu kuwa zai wuce shekara da iska a cikinsa. Gonar nan ita ce tuwon gidan, ba su da wata.

Ya hau tudu ya zauna a gindin ɗorawa, domin nan kaɗai ne waya take samun sabis a duk hayin. Kafin ya kunna ta sai ya ga fuskarsa a baƙin gilashin. Kumatu sun faɗa, idanu sun zurma, gemu ya fito birkici-birkici da furfurar da bai san da ita ba. Ya daɗe yana kallon wannan baƙo. Sa'an nan ya kunna ya shiga zaure, ya tarar kowa ya sa sabon hoto. Wannan yana cikin masara, wancan ya rungumi garma yana washe baki. Nasa gurbin kuwa har yanzu hoton Kirsimeti ne, yana cikin babbar riga. Kunya ta kama shi, irin kunyar mutumin da a dā shi ake sawa a gaban layi ranar gayya saboda ƙarfin hannunsa.

Sai ya shiga tsofaffin hotuna yana turawa da yatsa, ba don yana neman wani abu ba. Can ya yi karo da wani hoto na wata shekara a baya, shekarar da ruwa da rana suka yi sulhu. Rifkatu ce ta ɗauke shi. Ga dawa kore shar har ƙirjinsa, ga kunyoyi a share, ga shi da malafa, wuya a cike, yana dariya. Lokacin ma irin wannan ne, cikin damina, ɗorawar nan kuma tana bayansa. Ba mai iya ganewa ba na bana ba ne.

Ya ce a ransa, ai ba ƙarya zan yi ba. Ni ne, gonata ce. Rufin asiri ne kawai, ciki kuwa ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Zuciya in tana son abu ba ta rasa karin maganar da za ta dogara a kai. Ya latsa, hoton ya hau gefen sunansa.

Kafin ya sauko daga tudu yabo ya fara zuba. Wani ya ce sannu da himma. Wani ya ce wannan ciwo ai bai san wanda ya kama ba. Wani ya turo ɗan hoton hannuwa biyu suna tafi. Manomin ya karanta, ya koma farko ya sake karantawa. Mutumin da ya sha ɗacin magani ya gaji, ga zuma an ɗiga masa a harshe, yaya za ka ce ya tofar? Ya sauko gida ranar da ɗan ƙarfi a ƙafarsa, har Rifkatu ta yi murna ta ce sauƙi ya samu.

Daga nan abin ya zama masa jiki. Da safe sai ya kama kunya, ya yi rabinta, numfashi ya ƙare, ya ajiye fartanya ya hau tudu. Ya jingina da ɗorawa ya buɗe hoton, ya sa yatsu biyu ya faɗaɗa shi, ya yi ta kallo. Yakan ji kamar ƙanshin ƙasar waccan shekara yana tasowa. Yakan tuna yadda raɓa take jiƙa masa wando har gwiwa, da yadda yake noma tun fitowar rana ba ya ɗagowa sai Rifkatu ta yi kira daga bakin gona. Gajimare su taso daga gabas su wuce ta kansa, inuwar ɗorawa ta zagaya daga wannan gefe zuwa wancan, shi yana can cikin wata damina da ta riga ta wuce. Masu magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A hankali mutumin cikin hoto ya zama masa kamar wani yayansa mai arziki, wanda yake zuwa taro a madadin gida. A ƙasan tudu kuwa ciyawa ba ta kallon hoto, aikinta kawai take yi.

Wata rana Rifkatu ta kawo masa kunu a gindin itacen, ta leƙa ta ga abin da yake kallo, ta ga kuma inda ya sa shi. Mace ce marar yawan magana. Ta ajiye ƙwarya, ta gyara ɗaurin zanenta, ta ce, "Baban Tabita, wannan mutumin na san shi, ni na ɗauke shi. Amma ba shi nake dafa wa magani ba."

Ya ce ta bar maganar, sha'anin maza ne, ba zai tsaya gaban sa'o'insa da fuskar nan ba. Ta ce to. Ta ɗauki fartanyarsa ta gangara gona, ya bi bayanta da ido.

Ba a daɗe ba Baba Nomau ya turo saƙon murya a zaure, gama tsohon ba ya rubutu da yatsa. Manomin ya kara waya a kunne ya ji muryar, a hankali, da ɗan tari a tsakani. Bayan gaisuwa dattijon ya ce, "'Yan'uwa, lokacin gayya ya yi. Dā na riga na yanke za mu fara da hayi, gonar Baban Tabita, ko da iyo ne mu tsallaka, tun da mun ji ciwo ya kwantar da shi a lokacin noma. To, ga shi Ubangiji ya riga mu. Na duba hoto, mutum ya tashi garau, gona kuwa kamar an share da tsintsiya. Mu gode wa Allah. Sai mu kai ƙarfinmu gonar gwauruwar nan ta bayan majami'a, daga nan mu bi sauran na cikin gari."

Manomin ya sauke wayar a kan cinyarsa. Ashe ana tafe. Ashe sunansa ne na farko a bakin tsohon. Abin da ya rage masa ɗan kaɗan ne: ya danna ya ce, Baba, hoton ba na bana ba ne. Yatsansa ya je kan wurin ya tsaya. Ya tuna masu tafi, ya tuna wanda ya ce ciwo bai san wanda ya kama ba, ya ji kamar dukansu suna tsaye kewaye da ɗorawa suna kallonsa. 'Yan'uwa suka fara amsawa ɗaya bayan ɗaya, amin, amin. Shi ma ya rubuta, amin, mun gode Allah. Bai gaya wa Rifkatu ba.

Ran gayyar gwauruwa ya fita da sassafe, ya ce yau sai ya nuna wa ciyawa shi namiji ne. Kafin hantsi ya dubi ludayi ƙarfinsa ya ƙare. Ya hau tudu da ƙyar, ya jingina, ya buɗe hoton. Iska mai ɗumi tana kaɗawa, kurciya tana kuka can sama cikin ganye. Idonsa ya yi nauyi. Bai san sa'ad da bakin hoton ya buɗe ba, sai kawai ya ga kansa a ciki.

Wuri ne mai kyau ƙwarai. Rana tana tsaye wuri ɗaya, ba ta zafi, ba ta kuwa tafiya. Dawa kore shar, amma ko ganye ɗaya ba ya motsi. Wata balbela tana sama da fikafikai a buɗe, ba ta gaba ba ta baya. Ya sunkuya ya ɗebi ƙasa ya sansana, ba ta da ƙanshi. Mutumin hoto yana tsaye inda yake kullum, da malafarsa. Manomin ya gaishe shi, bai amsa ba, sai dariyar nan tasa wadda ba ta ƙaruwa ba ta raguwa.

Sai ya ji ganga daga wajen kogi. Ya waiwaya, ga jama'a suna tahowa, ruwan bai wuce idon sawunsu ba. Maza da fartanya a kafaɗa, mata da ƙoren kunu a kai, suna tafe a hankali cikin waƙa. A gabansu akwai wani wanda manomin bai taɓa gani ba, amma zuciyarsa ta san shi. Hannuwansa na mai aiki ne, da kanta, da tabo. Fuskarsa ba ta kalluwa saboda haske, ba kuwa haske mai ban tsoro ba. Ya tsaya a bakin gona ya yi tambaya da murya mai taushi, ya ce, "Ina mai gonar nan? Mun ji ba shi da lafiya, mun zo mu nome masa."

Manomin ya yunƙura zai amsa, sai ya tarar ciyawa ta tsiro kewaye da shi har wuya, ƙiri-ƙiri ya naɗe masa ƙafafu. Mutumin hoto kuwa ya taka gaba, karo na farko ke nan da ya motsa. Ya cire malafa da ladabi, ya ce shi ne mai gona, lafiyarsa ƙalau, gona kuma ga ta suna gani da idonsu, ya gode, su kai ƙarfinsu inda ake bukata. Manomin ya buɗe baki ya yi kira iyakar ƙarfinsa, ga ni nan, ni ne. Amma sauti bai fita ba, gama ya riga ya ba mutumin hoto bakinsa.

Mai hasken nan bai juya nan da nan ba. Ya tsaya yana duban ciyawar, daidai inda manomin yake, kamar mai jira a ce masa wani abu. Ya jira, ya ƙara jira. Sa'an nan ya juya a hankali, jama'a suka bi shi, ganga ta yi ta nisa.

Manomin ya farka da hawaye a fuska. Rana ta karkata. Gangar kuwa ba ta daina ba, tana can ƙetaren kogi, ta gaske, iska tana kawo ta tana mayarwa. A ƙasan tudu ya hango Rifkatu ita kaɗai a tsakiyar gona, a sunkuye, ciyawa ta kusa ɓoye ta. Tausayinta ya kama shi, ya ji kunyar da ta fi ta farko nauyi.

Ya gangara ya same ta, ya gaya mata duka, har saƙon Baba Nomau da amin ɗin da ya rubuta. Ba ta yi faɗa ba, ta dai dube shi ta ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya miƙa mata wayar, ya shiga inda ciyawa ta fi tsawo ya tsaya, da rigar aikinsa mai yage a kafaɗa. Ta tambaya ko zai wanke fuska tukuna, ya ce a'a. Ta ɗauke shi hoto. Ya hau tudu ya cire mutumin hoto, ya sa wannan ramammen a gurbinsa. Sa'an nan ya danna ya yi magana, ya ce, "Baba, 'yan'uwa, wancan hoton na wata shekara ne can baya. Wannan shi ne ni, wannan ita ce gonar. Na ji kunya ne na ɓuya. Ku gafarce ni."

Zaure ya yi tsit. Ba mai tafi, ba mai sannu da himma. Ya zauna har inuwa ta yi tsawo, ya sauko gida yana cewa a ransa, shi ke nan, ga gona ta tafi, ga mutunci ya bi ta.

Bai sani ba, shirun na masu shiri ne. Wata safiya ba da jimawa ba, hazo bai gama tashi daga kan ruwa ba, Rifkatu ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce masa ya saurara. Ganga ce. Suka fito bakin kogi. Wannan karo ruwan bai tsaya a idon sawu ba, har ƙirji yake kai wa maza. Sun ɗaure fartanyoyi a kai, makaɗi ya ɗaga gangarsa sama, mata suna riƙe da juna da ƙore a bisa gammo. Baba Nomau yana kan wuyan wani ƙaƙƙarfa, ya riƙe tabaransa da hannu ɗaya yana yi wa mai ɗauke da shi faɗa a kan santsi.

Da aka sauke shi, tsohon ya kama fuskar manomin da hannu biyu ya duba ta sosai. Ya ce, "Ɗana, wannan fuskar muke nema. Waccan mai malafa ba ta bukatarmu, shi ya sa muka wuce ta. Da ka nuna mana wannan tun farko, da tuni dawarka tana shan iska."

Aka ja layi, ganga ta ɗauka, ƙasa ta fara juyawa. Kafin rana ta faɗi an buɗe gonar daga tudu har tsakiya da gaba. Amma gefen fadama, inda ciyawa ta fi ƙarfi, dawar ta riga ta mutu a tsaye. Suka duba, ba abin da fartanya za ta iya yi. Kwanakin da ya yi yana kallon hoto a nan suka fita. Da kaka aka sami abin da ya riƙe gidan, amma rumbu bai cika ba, da bazara kuma sai da Rifkatu ta rage hannu a tukunya.

Manomin ya warke sarai, kumatu suka dawo, amma ya bar hoton ramarsa a gefen sunansa har wata damina ta zagayo. Sai Rifkatu ta tsokane shi ta ce, to, wannan ma ai ya zama na bara, in bai cire ba za a kawo masa gayyar da ta kamaci wani. Ya yi dariya, ya miƙa mata wayar, ta ɗauke shi yadda yake a ranar.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, mai kunne ya ji. Manomin nan ni ne, kai ne, ke ce. Gonar ita ce rayuwar da Allah ya ba kowannenmu ya nome, ciyawar kuwa kowa ya san tasa: wani zunubi ne da ya naɗe masa ƙafa, wani baƙin ciki ne, wani aure ne da ya yi sanyi, wani bangaskiyarsa ce ta yi rawaya tana leƙe da ƙyar. Hoton shi ne fuskar da muke aikawa ta gaishe da mutane a madadinmu.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malamin makarantar Lahadi ya hana sa hoto mai kyau. Ban hana ba. Ka sa na ranar bikinka in kana so. Wata takan sa fure a gurbin fuskarta don kada baƙin ido su dame ta, wannan hikima ce, ta ci gaba. Ni ma da kuke gani, tawa wayar ba hoton tashi daga barci ne a kanta ba. Ba kowa ne ya cancanci ganin ciyawarka ba, ba kuwa a ce ka baje asirin gidanka a kasuwa ba. Amma akwai bambanci tsakanin rufin asiri da korar masu taimako. In hoton ya fara amsa sallama a madadinka, har waɗanda suke ƙaunarka suka zo ƙofa da fartanya ya ce musu lafiya lau, to, ba asirinka yake rufewa ba, gonarka yake ci.

Ku lura kuma, manomin bai ari gonar kowa ba. Tasa ce, shi ne kuwa a ciki. Wannan ita ce irin ƙaryar da ta fi kama mu masu zuwa majami'a. Muna riƙe da hoton shekarar da muke da zafin addu'a, shekarar da muke waƙa da dukan zuciya, muna nuna shi kowace Lahadi kamar na bana ne. A tambaye mu, yaya gida, yaya rai? Mu ce sai godiya, alhali ciyawa ta kai wuya. Mukan rubuta amin a kan addu'ar godiya saboda warkewar da ba mu yi ba. Kowace rana da muka yi haka, wani gefen fadama ne yake mutuwa. Allah mai gafara ne, jama'arsa ma za su tsallaka ruwa dominka, amma dawar da ta mutu a tsaye ba ta tashi a wannan damina.

Mu kuma da muke cikin zaure, kada mu bar wa ido aikin ƙafa gaba ɗaya. In ka ji ɗan'uwanka ya kwanta, sa'an nan ka ga hotonsa yana dariya, kira shi ka ji muryarsa. In da hali, tsallaka.

Baba Nomau mutum ne, hoto ya ruɗe shi. Amma Mai gayya na gaskiya, wanda hannuwansa suke da tabo dominmu, ba a ruɗinsa. Kun ji a mafarkin inda ya tsaya yana dubawa: ba mai malafa ya duba ba, ciyawa ya duba, daidai inda mutumin yake. Ya san inda kake tun ba ka faɗa ba. Bai zo neman wanda kake a shekarar albarka ba, ya zo neman wanda kake yau, da ramarka, da rigarka mai yage. Ba ya kuwa kutsawa gonar da mai ita ya ce ba ya bukata.

Yana tsaye a bakin gonarka yanzu, ya riga ya yi tambaya, ina mai gonar nan? Kada ka bar hoto ya amsa.